Bit na Uku

Ƙarfe biyun dare a Domayo.
Janareton maƙwabci ya yi shiru,
saura ni da fitilar waya
da koren allon da Hamajoda ya sayo a Kusiri
don ya fi na Marwa araha da jaka biyu.

Bara na rubuta wa famfon sola umarninsa.
Rajista guda, ɗaki talatin da biyu a jere,
kowane ɗaki ko da wuta ko babu.
Na yanka su cikin struct kamar mai rabon gado:
wannan na kunnawa, biyun can na gudu,
bit na uku ya yi kururuwa in rijiya ta ƙafe,
ragowar kamfani ya ce kul, kada a taɓa.
Ya yi aiki. Albasar Inna Astajam ta sha ta ƙoshi
har ta aiko mini da rabin buhu.

Yau allo sabo, tafinta sabo,
rubutun nan dai, ko waƙafi ban sauya ba.
Na ce kunna, famfo ya yi gum.
Na ce tsaya, ya hau kukan rijiya ta ƙafe
alhali bokitin gwaji cike yake fal.

Na zargi waya. Na zargi dalma. Na zargi Hamajoda.

Sai na tuna kakana in zai rubuta wasiƙa:
daga dama alƙalaminsa ke tashi,
ni kuwa lakwal ta ɗora hannuna a hagu.
Layin ɗaya ne. Ina farkonsa?
Tafintan bara ya ƙirga ɗakuna daga ƙofar gabas,
na bana ya shigo ta yamma,
ya kuma cusa ƙyalle tsakanin filaye
kamar telan da ba a roƙa ba,
littafin C kuwa bai ƙaryata ko ɗayansu ba.
Ya ce wannan ya rage ga mai fassara.
Ni ce na ɗauki sa'a na kira ta doka.

Ashe int ma mudu ne.
Na kasuwar nan daban, na bakin Logon daban,
duka kuma sunansu mudu.

To, na goge gadon da na raba.
Na ce uint32_t, sikeli mai lamba a goshi.
Na ɗauki ɗaya, na tura shi hagu sau uku,
1u << 3,
na raɗa masa suna, RIJIYA_TA_KAFE,
ko a Garwa, ko a Njamena, wurin zamansa ke nan.
Na saƙa wa kowane fili rariyarsa:
karanta, tace, zuba naka, mayar,
ɗakunan da aka hana su fita yadda suka shiga.
Abin da ya zo ta waya bayit-bayit
na jera shi da hannuna, babba a nan, ƙarami a can,
ban bar wa kowa ya zaɓa mini ba.
Na sa volatile a bakin ƙofa:
kai tafinta, kada ka ce ai ka gani ɗazu,
rijiya ce, tana hawa tana sauka,
duk sanda na aike ka, leƙa.

Rubutun ya yi muni. Na bara ya fi shi kyan gani.

Da aka sallame asuba muka hau babur zuwa Meskin,
allon a cikin gwangwanin madara.
Na ɗaura. Na danna.
Tiyo ya yi tari sau biyu, ya saki ruwa.

Inna ta gyara bakin kwali da ƙafa, ba ta dube ni ba.
Me ya lalace, Dudu?
Na ce ba abin da ya lalace, Inna,
na zaci kowa daga inda nake farawa yake ƙirga.
Ta ce ke ba ki taɓa sayar da albasa ba.
Riƙe tiyon nan, kwali na gaba ya bushe.